Wuƙa a Abuja, nama a jami'a: wa ke riƙe da jami'o'in tarayya a Najeriya?

A shekarun da na yi ina riƙe da aikin jarrabawa a wani sashe na ɗaya daga cikin jami'o'in tarayya, akwai tambayar da na sha har na haddace ta. Da an tafi yajin aiki, ko sakamako ya maƙale, ko ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwanan ɗalibai, sai wani dattijo daga garinmu ya bugo mini waya. Mu gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya sako ta: "To Malam, shi shugaban jami'ar taku aikin me yake yi ne?" Nakan ce, "Baba, ai abin ya fi ƙarfinsa." Shi kuma ya ce, "Wane irin maigida ne abin cikin gidansa zai fi ƙarfinsa?"

Tambayar Baba tana kan hanya, amsata ce ba ta cika ba. A wurinmu shugaba shi ne mai wuƙa da nama, ya yanka inda ya ga dama, in ya yanke hannu kuma a san wanda za a tuhuma. Jami'ar tarayya ba haka take ba. Naman yana harabar jami'a, wato ɗalibai da malamai da azuzuwa da bututun da ya fashe. Wuƙar kuwa, mafi yawanta tana Abuja, a ofisoshin mutanen da ɗalibi bai san sunansu ba, kuma ba za su taɓa tsayawa gabansa su ba da amsa ba. Duk rigimar da ake yi a jami'o'inmu, in ka bi saiwarta, nan za ta kai ka.

A takarda, tsarin da muka gada daga Ingila ne, tun daga kwalejin jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948. Can sama akwai wanda doka ta kira Mai Ziyara, wato shugaban ƙasa a jami'ar tarayya, gwamna a ta jiha. Sai Uban Jami'a, wanda yawanci basarake ne da ake ɗaukowa daga wani yankin ƙasar don a ƙulla zumunci: Obi na Onitsha aka ba Jami'ar Ahmadu Bello, Sarkin Musulmi kuma aka ba Ibadan. Aikinsa ranar yaye ɗalibai ne, ya sa rigar girma ya miƙa digiri. Wanda ke tafiyar da jami'ar kullum shi ne wanda 'yan boko ke kira VC. Wasu gidajen rediyo kan fassara muƙamin da "mataimakin shugaban jami'a", sai mai sauraro ya ɗauka akwai wani babba a ofishin da ke kusa da nasa. Babu. Shi ne shugaban, wa'adinsa shekara 5 ne ba ƙari, kuma yana aiki da magatakarda da ma'aji da shugaban ɗakin karatu.

Majalisu biyu ne ke kewaye da shi. Majalisar dattawan jami'a, wadda farfesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa ke zama a ciki, ita ke da hurumin karatu: abin da za a koyar, jarrabawa, wanda ya ci da wanda za a kora. Majalisar gudanarwa kuma ita ke da hurumin kuɗi da kadarori da ɗaukar ma'aikata da ladabtar da su. Gwamnati ce ke naɗa shugaban wannan majalisa da mutum 4 daga waje, da wakilin ma'aikatar ilimi. Sauran kujerun na shugaban jami'a ne da mataimakansa, da wakilai 4 daga majalisar dattawa, 2 daga taron ma'aikata masu digiri, 1 daga tsofaffin ɗalibai. In ka ƙirga za ka ga 'yan gida sun fi baƙi yawa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zamanin soja wannan takarda ba ta hana komai ba. A 1995 gwamnatin Abacha ta ajiye duk majalisun nan a gefe ta tura Manjo Janar Mamman Kontagora Zariya a matsayin kantoma, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello har 1998. Irin wannan ne ya sa ƙungiyar malamai ta ASUU ta dage sai an ba jami'o'i 'yancin cin gashin kai, har aka yi wa dokar jami'o'i ta 1993 gyara a 2003. Gyaran ya yi abubuwa masu nauyi. A da majalisar gudanarwa sunaye uku take aika wa shugaban ƙasa ya zaɓi ɗaya, yanzu ita ke naɗa shugaban jami'a, ta sanar da shugaban ƙasa kawai. An ba majalisar wa'adin shekara 4, ba a rushe ta sai an same ta da gazawa ko cin hanci, in an rushe kuma a kafa wata nan take. Har an rubuta cewa takardun umarni da gwamnati ke raba wa ma'aikatu ba su hau kan jami'a ba muddin sun ci karo da dokarta.

Wanda ya karanta wannan zai ce ai magana ta ƙare. Abin da dokar ba ta taɓa ba shi ne lalita, kuma wanda ke riƙe da lalita ba ya buƙatar doka ta ba shi iko.

Kuɗin jami'ar tarayya ta famfo huɗu yake zuwa, kowane da mai murɗa shi. Na farko albashi, wanda shi ke cinye kusan duk abin da kasafin kuɗi ya ware wa jami'a, kuma daga ofishin babban akanta na ƙasa yake fita kai tsaye zuwa asusun ma'aikaci. Na biyu kuɗin hidimar yau da kullum, na wuta da ruwa da man janareto da alli da takarda, wanda ɗan tsurut ne, ko kuɗin lantarki ba ya biya. Na uku asusun TETFund. Na huɗu abin da jami'a ta tara da kanta.

TETFund shi ne abin alfaharin ASUU, kuma da gaskiyarta. Daga yarjejeniyar da ta yi da gwamnatin Babangida a 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta, aka samo dabarar a ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Aka yi dokar a 1993. A 2011 aka taƙaita asusun ga manyan makarantun gwamnati kaɗai, ana raba shi kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Daga baya harajin ya hau zuwa kashi 2.5, sannan 3 a 2023. Shiga kowace jami'ar gwamnati a ƙasar nan ka duba sababbin gine-gine, da wuya ka ga wanda babu tambarin asusun a jikinsa. Ba don shi ba, da wasu jami'o'in sun koma kango.

Amma kuɗin TETFund ɗaurarre ne. An ce na gini ne, na kayan ɗakin gwaji, na littattafai, na tura malamai ƙaro karatu, na bincike. Ba a biyan albashi da shi, ba a sayen dizal da shi. Shi ya sa za ka ga abin da na gani da idona: sabon ɗakin lacca mai kujeru ɗaruruwa, fenti na sheƙi, an yanka kirtani an watse, bayan wata uku banɗakinsa a kulle da kwaɗo saboda babu ruwa, fankoki a tsaye saboda babu wuta. Shugaban sashenmu ya taɓa rubuta takarda har sau uku yana neman kuɗin gyaran makunnin wuta na aji ɗaya. A ƙarshe malamai muka yi karo-karo muka kira mai gyara daga bakin ƙofa. A ranar, tazarar taku hamsin daga ajin, ana zuba kankaren wani ginin na miliyoyi. Ba sata aka yi ba, ba kuma sakaci ba ne. Kuɗin ginin ba shi da halin ya tsallako ya sayi makunni.

Saura famfo na huɗu, kuma nan ne iyaye ke jin zafin abin. Tun ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta ce babu kuɗin koyarwa ga mai karatun digirin farko a jami'o'inta, kuma har yau babu gwamnatin da ta fito fili ta janye maganar. An ga abin da ya faru a 1978 da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini: zanga-zangar da ake kira "Ali Must Go", wato sai ministan ilimi na lokacin, Ahmadu Ali, ya sauka, wadda aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Tun daga nan kowace gwamnati ke tsoron taɓa wannan wuri. An daɗe kuɗin gadon kwana a hukumance yana naira 90 a shekara, lokacin da naira 90 ba ta sayen buhun ruwan leda. To jami'a ba ta da izinin karɓar kuɗin koyarwa, ba a kuma ba ta abin da za ta kunna wuta. Sai ta bi ta bayan gida: kuɗin rajista, kuɗin jarrabawa, kuɗin asibiti, kuɗin wasanni, kuɗin intanet, kuɗin katin shaida. Sai karatun sharar fage, da difloma, da karatun ƙarshen mako, da digiri na biyu na manyan ma'aikata, waɗanda a nan ake samun na cefane, kuma malaman da ya kamata su ji da 'yan digirin farko su ne ke koyar da su.

Da aka cire tallafin mai a 2023, jami'o'i da dama suka ninka kuɗin rajista, har gwamnatin Kano ta shiga biya wa dubban 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni, kuma manyan jami'o'i da asibitocinsu na koyarwa suna cikin rukunin. Wanda ya ƙara kuɗin wutar yana Abuja. Wanda ya sa hannu a takardar ƙarin kuɗin rajista shi ne shugaban jami'a, ƙofar ofishinsa ɗalibai suka sani. Asusun ba da rancen karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu raɗaɗi, amma in ka duba da kyau amincewa ce a kaikaice cewa karatun ba kyauta ba ne. Shi kansa ɗan abin da jami'a ta tara, tun 2015 a asusun bai-ɗaya na babban banki yake kwana. A ƙarshen 2023 ma an yi yunƙurin a riƙa yankar kashi 40 cikin 100 daga cikinsa, sai da aka yi ca sannan gwamnati ta janye.

Yanzu mu zo kan ma'aikata, inda aka fi kai ruwa rana. Doka ta ce majalisar gudanarwa ce ke ɗaukar malami. A aikace, in farfesa ya rasu ko ya tafi Saudiyya ko Ingila neman abin da ya fi, kafin a maye gurbinsa sai an nemi sahalewar ofishin shugaban ma'aikata na tarayya, da ofishin kasafin kuɗi, da hukumar raba daidai ta ƙasa. Kowace ƙofa da lokacin da take ci, kuma sanannen abu ne a tsakanin masu wannan zirga-zirga cewa izinin kan fito da rakiyar sunayen da ba jami'a ce ta nema ba. Sashe ya nemi masanin lissafi ɗaya, a kawo masa jami'an mulki uku.

Rigimar IPPIS daga nan ta taso. Manhajar biyan albashi ce ta bai-ɗaya da gwamnati ta fara a 2007 don ta kama ma'aikatan bogi, a ƙarshen 2019 kuma Buhari ya ce kowa sai ya shiga, har jami'o'i. Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce: in ni ke biya, dole in san wanda nake biya. Akwai jami'o'in da ba su iya faɗin adadin ma'aikatansu ba tare da kame-kame ba, akwai malaman da ke karɓar albashi a wurare fiye da yadda doka ta yarda. Amma manhajar an ɗinka ta ne a jikin ma'aikacin ofis, mai shiga ƙarfe 8 ya tashi ƙarfe 4. Ba ta san malamin da ke zuwa koyarwa na ziyara daga wata jami'a ba, ba ta san mai hutun bincike na shekara guda ba, ba ta san baƙon masani da aka ɗauko da kwantaragi daga wata ƙasa ba. Sababbin jami'o'in da aka buɗe a 2011 da 2013, irin su Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau da Gashuwa, da malaman ziyara daga Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suka tashi. In aka yanke wa malami albashi ba dalili, ma'ajin jami'arsa ba shi da abin da zai yi masa illa ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai ka je Abuja." ASUU ta ƙera tata manhajar mai suna UTAS, gwamnati ta ƙi karɓa. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a fitar da manyan makarantu daga IPPIS, aka kusa shekara kafin a aiwatar, aka mayar da su kan wata manhajar mai suna GIFMIS. Ita ma a ofishin babban akanta take.

Ko majalisar gudanarwar da doka ta kare, kariyar ba ta da ƙarfi. A Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe hukumomin ma'aikatun tarayya gaba ɗaya, guguwar ta haɗa da majalisun jami'o'i, har da waɗanda wa'adinsu bai cika ba, ba tare da an ce ga laifinsu ba. Aka shafe kusan shekara babu su. A tsawon wannan lokaci shugabannin jami'o'i wurin minista suke kai abin da ya kamata majalisa ta yanke. Doka ta ce a kafa wata nan take, aka yi shekara, kuma babu wanda aka tuhuma.

Ta ɓangaren karatu ma akwai masu riƙe da linzami daga waje. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, wadda aka kafa a 1962 ta zama mai cikakken iko a 1974, ita ke amincewa da kowane kwas, ta ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, ta kuma tsara kashi 70 cikin 100 na manhajar karatu a sabon tsarin da ta fito da shi a ƙarshen 2022, ta bar wa jami'a 30. JAMB, tun 1978, ita ce ƙofar shiga, da rabonta na kashi 45 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a boko. Ni ban ga laifin a samu mai sa ido ba. Ƙasar da take da jami'o'i 5 a 1962, yau kuma take da ɗaruruwa, in babu mai duba su, digiri zai koma takardar tsire. Matsalar ita ce yadda duban yake kasancewa.

Na ga tantancewar NUC sau biyu a sashenmu. Mako biyu kafin baƙi su iso, shugaban sashe ya tara mu ya ce kowa ya kwaso littattafan gidansa, aka jera su a kanta aka manna musu lamba. Aka aro kwamfutoci daga wani sashe, aka aro kujeru daga wani. Aka buga sunayen manyan malamai biyu da ke wata jami'a aka liƙa a ƙofofin ofis, su kuma suka zo suka yi kwana uku da mu. Aka yi fenti, aka sayo dizal na kwana uku. Baƙin da suka zo farfesoshi ne daga wasu jami'o'in, sun san komai, domin su ma haka suke yi in an je musu. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga wani littafi ya ga sunan mai shi a shafin farko, ya yi murmushi ya mayar. Muka samu cikakkiyar amincewa. Ranar Litinin wani ɗalibi ya leƙo ofishina ya ce, "Malam, ina kwamfutocin nan da muka gani?" Na ce masa sun tafi gida. Hukumar da ta zo dubawa ba ita ke ba da kuɗin cike giɓin ba, wanda ke ba da kuɗin ba ya zuwa dubawa, sashe kuma ya san in ya faɗi gaskiya za a hana shi ɗaukar ɗalibai. Kowa ya yi abin da ya fi masa sauƙi.

Kada mai karatu ya ɗauka jami'a tsarkakakkiya ce da Abuja ta zalunta. Ɗan guntun wuƙar da aka bar mata, ba kullum take yanka daidai da shi ba, kuma babu inda wannan ya fi fitowa kamar wurin naɗin shugaba. Ka tuna 'yan gida sun fi yawa a majalisar gudanarwa. Shugaba mai barin gado, in yana da wayo, tun saura shekara biyu zai fara shirya waɗanda za a zaɓa daga majalisar dattawa, don su kawo masa magajin da ba zai tono baya ba. Shugaban majalisar kuma, wanda sau da yawa ɗan siyasa ne da aka ba kujerar a matsayin ladan wahala, yana da nasa ɗan takarar. Sai garin da jami'ar take ya taso da nasa: wannan karon sai ɗan ƙasa. Jami'ar Ahmadu Bello da Sardauna ya kafa a 1962, shugabanta na farko Norman Alexander mutumin New Zealand ne, wanda ya gaje shi a 1966 kuma Ishaya Audu, Kirista daga Wusasa, ya riƙe ta har 1975. Yau a jami'o'in tarayya da yawa, kudu da arewa, tambayar farko da ake yi a kan ɗan takara ita ce ɗan wace jiha ne, a ina yake ibada.

Sakamakon a bayyane yake. A Agustan 2020 majalisar gudanarwar Jami'ar Legas ƙarƙashin Wale Babalakin ta zauna a Abuja ta tsige shugaban jami'ar, Oluwatoyin Ogundipe. Majalisar dattawa ta ce ba ta yarda ba, gwamnati ta kafa kwamiti, a Nuwamba aka mayar da shi kujerarsa aka rushe majalisar. A Nuwambar 2024 shugaban ƙasa ya rushe majalisar Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka ya cire sabon shugaban da ta naɗa. A Fabrairun 2025 aka maimaita a Jami'ar Abuja. Duk lokacin da haka ta faru, masu cewa jami'a ba ta isa a sakar mata mara ba sai su samu abin nunawa. Ga kuma ƙananan abubuwan da ba su da alaƙa da Abuja ko kaɗan: sakamakon da ke kwana wata shida a jakar malami, takardar sakamakon da tsohon ɗalibi zai yi shekara yana bi, ɗalibar da ta kai ƙarar malami aka ce ta yi haƙuri don kada a ɓata sunan sashe. Waɗannan ba babban akanta ya jawo su ba.

Da wannan za a gane dalilin da ya sa yajin aiki yake zama na ƙasa baki ɗaya. Malami ma'aikacin majalisar jami'arsa ne a doka, amma majalisar ba ta da ikon ƙara masa kwabo. Don haka ASUU ba ta ɓata lokacinta a kanta, gwamnatin tarayya take nema. Yarjejeniyar 2009, wadda Gamaliel Onosode ya jagoranci ɓangaren gwamnati, ta ce a riƙa sabunta ta duk shekara 3. Aka shafe fiye da shekara goma ana naɗa kwamitoci: na Babalakin, na Munzali Jibril, na Nimi Briggs, na Yayale Ahmed. Kwamiti ya zauna da malamai a cimma matsaya, sai ma'aikatar kuɗi ta ce ba da ita aka yi ba. Bayan binciken buƙatun jami'o'i da kwamitin Mahmood Yakubu ya yi a 2012, da yajin wata biyar da rabi na 2013, gwamnati ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara 6. Biliyan 200 na farko ya fito, sauran sai ɗigo-ɗigo. Aka yi yajin wata 9 a 2020, na wata 8 a 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wanda umarnin kotun ma'aikata ya kawo ƙarshensa, aka riƙe albashin malamai. A duk tsawon watannin nan shugaban jami'a ɗan kallo ne. Ba shi ya rufe ba, ba shi zai buɗe ba. Abin ya fi ban mamaki a jami'o'in jihohi, inda malamai ke shiga yajin da gwamnansu ba ya cikin masu sa hannu, in an sasanta kuma ya ce shi ba a yi da shi ba.

Ana cikin wannan kuma ana ta ƙara yawan bakunan da za su ci daga tukunya ɗaya. Kowane ɗan majalisa yana son a ce ya kawo jami'a mazaɓarsa, kowane gwamna ya san in ya kafa jami'a, ko da allo ne da katanga, wata rana za ta shiga layin TETFund. A Agustan 2025 gwamnati da kanta ta ce ya isa, ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara 7, ministan ilimi Tunji Alausa yana kafa hujja da cewa akwai makarantun da ma'aikatansu sun fi ɗalibansu yawa.

A ganina gyaran ba wai a miƙa wa shugaban jami'a komai a juya baya ba ne, mun ga abin da wasu suka yi da kaɗan ɗin da suka samu. A ba majalisar gudanarwa kuɗinta a dunƙule gwargwadon yawan ɗalibai da irin kwasa-kwasan da take koyarwa, ta ɗauki malamin da take buƙata, ta sayi makunnin wutarta, sannan a zo a bincike ta da gaske, a wallafa abin da aka gani, wanda ya ci a hukunta shi. Hanyar binciken ma tana nan cikin doka, ita ce ainihin aikin Mai Ziyara: aƙalla duk shekara 5 ya tura kwamiti ya duba littattafan kuɗi da yadda aka yi naɗe-naɗe da yadda aka bi da ɗalibai, a fitar da rahoto. Wannan iko ne da dokar 2003 ta bar wa shugaban ƙasa ba tare da gardama ba, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. Sai da ASUU ta sa shi cikin buƙatunta na yajin 2020 sannan aka tura kwamitocin a 2021, aka ce su duba shekara 10 a tafiya ɗaya, daga 2011 zuwa 2020. Lokacin da suka isa, shugabannin da suka yi mulki a rabin farko na shekarun sun daɗe da sauka, wasu da suka gaje su ma sun miƙa makullai.